Yadda Ake Zaɓen Keken Tsere Mara Nauyi Don Zuwa Aiki da Zirga-zirgar Yau da Kullum

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin mota da na Adaidaita Sahu ya zama abin da ma'aikaci yake zama ya lissafa da biro kafin wata ya kama, kuma mutane da dama da suka daɗe da jingine keke sun sake waiwayarsa. Sai dai yawancinsu ba irin Raleigh ko Phoenix na iyayenmu suke nema ba. Idonsu yana kan keken nan mai siririyar taya da kai mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, wanda ake kira keken tsere, kuma tambayar farko da suke yi wa mai sayarwa ita ce kilo nawa ne. A ganina wannan tambaya ce ta uku ko ta huɗu, domin keken da ya dace da zuwa aiki shi ne mafi sauƙin nauyi a cikin waɗanda hanyar mutum ba za ta karya ba, kuma mai gyaran unguwarsa zai iya taɓawa.

Ya kamata a fara da sanin abin da ake nufi da rashin nauyi. Tsohon keken ƙarfe mai kariya da birkin sanda yakan kai kilo 18 zuwa sama da 20. Keken tsere na alminiyam mai matsakaicin farashi yakan tsaya tsakanin kilo 9 da 11, na kabon (wani haɗin zare mara nauyi wanda ba ƙarfe ba) mai tsada kuma yakan sauko zuwa kilo 7 ko 8. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙayyade tun shekarar 2000 cewa keken da za a shiga gasarta da shi ba zai gaza kilo 6.8 ba, saboda haka ko ƙwararrun da suke hawa duwatsun Faransa ba sa sauka ƙasa da wannan. Wanda ya baro keke mai kilo 20 ya hau mai kilo 11 zai ji bambancin tun daga takun feda na farko. Daga kilo 11 zuwa 8 kuwa labarin ya canza, domin kuɗin yakan ninka sau da yawa amfanin kuma ya ragu. Idan mutum yana da kilo 70, jakarsa tana da 5, kekensa yana da 10, jimillar abin da ƙafarsa take turawa kilo 85 ne, kuma rage kilo ɗaya daga ciki ya ɗan wuce kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai. Ko wannan ɗin ma a hawan tudu ake ganinsa. A shimfiɗaɗɗen titi irin na Kano ko Maiduguri, abin da yake cin ƙarfin mahayi shi ne iskar da yake ketawa da kuma gogayyar taya da ƙasa.

Wurin da rashin nauyi yake biyan kuɗinsa daban ne da inda masu talla suke nunawa. Mai zama a bene wanda zai ciccibi kekensa safe da yamma, da wanda zai tsallaka da shi kwalbati ko ya hau gadar sama, da wanda yake tashi daga tsayuwa sau ashirin a cunkoson safiya, su ne suka san darajar kilo biyu ko uku. Haka nan mazaunin Jos ko wasu unguwannin Abuja masu hawa da gangara yana da hujjar ƙara kuɗi don rage nauyi fiye da mazaunin Zariya. Ga yawancin mutane, keke mai kilo 10 zuwa 11 ya wadatar.

Daga nan sai a dubi abin da aka ƙera firam ɗin da shi. Alminiyam shi ne ya fi yawa a kasuwa, kuma sau da yawa za a ga an rubuta 6061 ko 7005 a jikin bututun, waɗanda lambobi ne na irin haɗin ƙarfen. Ba ya yin jar tsatsa, ba shi da nauyi, farashinsa kuma da dama, amma idan ya tsage to kusan an rabu ke nan, domin walda tana raunana shi a wurin da wuta ta taɓa, kuma maido da ƙarfinsa yana buƙatar gashi na musamman da mai waldar bakin titi ba shi da kayansa. Ƙarfe mai kyau, irin wanda ake rubuta wa 4130 ko kuma tsohon Reynolds 531 na Ingila, ya ɗan fi nauyi da kilo ɗaya ko makamancin haka, amma yana shanye girgizar hanya, yakan lanƙwashe kafin ya karye, kuma ana iya gyara shi a kusan kowane gari. Kada a haɗa shi da ƙarfen kekunan araha masu kaurin bututu, waɗanda siffar keken tsere kawai suka ara. Kabon kuwa kyan ɗan maciji ne ga mai sayen na hannu. Yana iya tsagewa daga ciki bayan faɗuwa alhali fentinsa yana sheƙi, ba ya jure a ɗaure masa noti da ƙarfin tsiya, kuma bai dace da keken da za a jingina a cikin babura a bakin ofis ba. Firam na alminiyam mai fok na kabon, wato ɓangaren da ke riƙe wilin gaba, abu ne da aka saba gani kuma babu laifi a kansa idan an bincika fok ɗin da kyau, amma firam na kabon gaba ɗaya wanda ba a san tarihinsa ba, ni dai ba zan ba mai zuwa aiki shawarar sayensa ba.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne girman keken, kuma a nan ne aka fi yin asara, domin mai sayarwa yana da keke ɗaya tak na irin da ake so, sai ya ce ai sirdi ana ɗaga shi ana sauke shi. Gaskiya ne ana ɗaga sirdi, amma tazarar da ke tsakanin sirdi da kan keke ta firam ce, kuma ita ce take jawo ciwon wuya da na baya da dindiris na hannu. Kafin a tafi kasuwa, mutum ya cire takalmi ya jingina da bango, ya matse littafi mai kauri a tsakanin cinyoyinsa har sama kamar yana zaune a kan sirdi, sannan wani ya auna masa daga ƙasa zuwa saman littafin. Idan aka ninka wannan awo da 0.66 za a sami kimanin girman firam a santimita, wanda ake aunawa daga cibiyar da fedoji suke juyawa zuwa saman bututun sirdi. Mai awon santimita 80 zai nemi firam na 52 zuwa 54. Idan kuma aka ninka awon da 0.883 za a sami tsawon da ya dace daga wannan cibiya zuwa saman sirdi, wato kusan santimita 71 ga wannan mutumin. A ƙiyasi, mai tsawon santimita 170 zuwa 175 yakan dace da firam na 54, mai 175 zuwa 180 kuma da na 56, sai dai kamfanoni sun sha bamban wajen awo, wasu ma haruffa suke sawa maimakon lamba. Saboda haka a hau a gwada. Idan mutum ya tsaya da ƙafafu biyu a ƙasa ya kamata a sami ɗan fili tsakaninsa da bututun sama. Idan ya zauna ya ɗora diddige a kan feda a can ƙasa, ƙafarsa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan ya kama kan keken a wurin birki, gwiwar hannunsa ta kasance da ɗan lanƙwasa. Wanda ya faɗo tsakanin girma biyu ya ɗauki ƙaramin, domin ƙara wa ƙaramin keke tsawo ya fi sauƙi a kan rage babba.

Kekunan tsere kuma iri biyu ne ko da suna kama da juna daga nesa. Akwai wanda aka yi don gasa, mai gajeren wuya, wanda yake tilasta mahayi ya sunkuya sosai, akwai kuma wanda aka yi don doguwar tafiya, mai ɗan tsawon wuya da ɗan faɗin fili a wurin taya. Na biyun ne na mai zuwa aiki, domin wanda yake tafiya a tsakanin 'yan Adaidaita da motocin haya yana buƙatar kansa a sama ya ga wanda zai tsaya ba zato ko ya buɗe ƙofa. Wanda bai saba da lanƙwasasshen kai ba yana iya neman irin wannan keken mai miƙaƙƙen kai, ba wani abin kunya a ciki.

Maganar taya tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce take raba keken da za a mora da wanda za a jingine bayan wata biyu. Tsofaffin kekunan tsere sun zo da taya mai faɗin milimita 23 ko 25, wadda aka yi don kwalta mai santsi. A kan hanyar da take da ramuka da tsakuwa da yashin da ke taruwa a gefen titi, irin wannan taya takan nutse, takan kuma matse tiyub a kan rim ta huda shi wuri biyu kamar saran maciji. Faɗin da ya dace shi ne milimita 28 zuwa 32, kuma gwaje-gwajen shekarun baya-bayan nan sun sa hatta 'yan gasa sun koma ga 28 da abin da ya fi haka. Matsalar ita ce ba kowane firam ne yake karɓar faffaɗar taya ba, saboda haka kafin a biya kuɗi a duƙa a duba filin da ke tsakanin taya da fok, da wanda ke tsakaninta da birki da bututun baya. Idan da ƙyar takarda take wucewa alhali tayar 25 ce a kai, to wannan keken ba zai taɓa ɗaukar 28 ba. A nemi kuma taya mai shimfiɗar kariya a ƙarƙashin robarta, domin duk wanda ya taɓa gangarawa gefen hanya bayan damina ya san aikin ƙayar tsidau. Irin wannan taya ta fi nauyi da 'yan giram ɗari, amma ta fi a tsaya wurin mai faci sau biyu a mako.

Akwai lambar da ya kamata kowane mai saye ya karanta a gefen taya, wadda ake rubutawa kamar haka: 28-622. Ta farkon faɗin taya ce, ta biyun kuma faɗin da'irar rim ne a milimita. Kekunan tsere na zamani kusan duk 622 ne, wanda ake kira 700c. Tsofaffin da ake ce wa inci 27 kuwa 630 ne, manyan kekunan gargajiya masu inci 28 sukan zama 635, kekunan dutse masu inci 26 kuma 559 ne. Babu ɗaya daga ciki da take hawa rim ɗin ɗaya. Na koyi wannan da aljihuna, lokacin da na sayi wani tsohon keke na ƙarfe mai kyan gani a hannun wani mai kayan kwance, ban duba lambar ba. Bayan 'yan makonni tayar baya ta fashe, na sayo sabuwa ta 622, muka zauna da mai gyara a ƙarƙashin bishiyar maina yana ta fama da ita da cokalin taya har gumi ya jiƙa masa riga, daga ƙarshe ya juya tsohuwar tayar ya nuna mini 630 da farcensa ya ce, "Malam, wannan ai ba gidanta ba ne." Milimita takwas ne kacal bambancin, amma sai da na canza wili biyu kafin keken ya sake taka titi. A guji kuma tsofaffin wili da ake manna musu taya da gam, domin gyaransu ba na bakin hanya ba ne.

Bawul ma yana da nasa sharaɗin. Yawancin kekunan tsere suna zuwa da siririn bawul da ake kira Presta, wanda bakin famfon masu faci ba ya kamawa, tunda nasu an yi shi ne don bawul irin na mota da babur. Maganin abin shi ne ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla da ake ɗaurawa a kai, wanda bai kai ɗan yatsa ba, sai kuma famfo mai agogo a gida. Tayar 28 ga mutum mai matsakaicin jiki tana son iska kimanin 70 zuwa 80 a ma'aunin psi, ta 32 kuma ƙasa da haka, kuma siririyar taya tana rage iska da kanta cikin 'yan kwanaki, don haka a riƙa dubawa sau ɗaya ko biyu a mako. Game da wili, a ƙirga wayoyinsa. Masu 32 ko 36 sun fi jure rami da kaya, kuma idan ɗaya ta tsinke ana iya lallaɓawa a isa gida, saɓanin masu 20 ko 24 da sukan karkace nan take har su kama birki.

Wajen giya bai kamata a ruɗu da yawa ba. Kamfanin Shimano na Japan, wanda kayansa suka fi yawa a kan waɗannan kekuna, ya daɗe yana jera su hawa-hawa: Claris mai giya takwas a baya, Sora mai tara, Tiagra mai goma, sannan 105 da Ultegra da Dura-Ace a sama. Duk lokacin da aka ƙara yawan giya sarƙa tana ƙara sirancewa, tana ƙara tsada, kuma saitinta yana ƙara son kulawa. Giya takwas tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, wato sarƙarta ɗaya ce da ta masu giya shida da bakwai, saboda haka ana samunta a shagunan kayan keke ba tare da an yi odar ta daga nesa ba. A gaba a nemi faranti biyu masu haƙora 50 da 34, maimakon 53 da 39 na 'yan gasa, a baya kuma jerin da babbansa ya kai haƙora 28 ga mai shimfiɗaɗɗiyar hanya, ko 32 ga mai hawan tudu. Giyar da take aiki da batir ba ta da wani amfani ga mai zuwa ofis.

Birkin roba mai kama rim ya fi sauƙin nauyi da sauƙin gyara, amma yawancinsa ba ya barin taya ta wuce 28, kuma yana rage kamu idan rim ya jiƙe. Birkin faifai ya fi kamu a damina kuma yana ba da fili ga faffaɗar taya, sai dai a zaɓi mai aiki da kebur, domin mai aiki da mai yana buƙatar kayan aiki na musamman, kuma man da wani kamfani yake amfani da shi yana lalata robobin na wani. Akwai abu ɗaya da yake kayar da mutane a ranar farko. Kekunan da suka fito daga Ingila ko Japan galibi birkin gaba yana hannun dama, na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuma yana hagu, don haka a matsa kowane hannu a ga wace ƙafa yake kamawa kafin a shiga titi.

A duba kuma ko akwai ƙananan ramukan noti kusa da inda wilin baya yake shiga da kuma a saman bututun baya, domin da su ake ɗaura kariya da madigadi. Jakar goyo a baya cikin zafin watan Afrilu tana isar da mutum ofis da riga a jiƙe, kuma keke marar madigadi yana zana masa layin taɓo a gadon baya da zarar an yi ruwa. Mai sanya kaftani ya tuna cewa keken tsere ba shi da murfin sarƙa, sai ya ɗaure ƙafar wandonsa ta dama da roba ko ya cusa ta cikin safa, ya kuma tattare rigar kada ta shiga wili.

Tunda akasarin waɗannan kekuna na hannu ne da ake shigowa da su daga Turai da Amurka da Japan, binciken da za a yi a kasuwa shi ne rabin cinikin. A tafi da rana tsaka, da tsumma da ma'aunin tela. A goge kowace mahaɗar walda, musamman a wuyan keke da ƙarƙashin cibiyar fedoji da inda sandar sirdi take shiga, a nemi siririn layi baƙi wanda farce yake maƙalewa a ciki. Fenti da ya tattare ko ya kumbura a bayan wuya alama ce ta cewa keken ya taɓa yin karo ta gaba, kuma sitika da aka manna a wurin da ba a saba ba tana iya zama rufin wani aibi. A matse birkin gaba a girgiza keken gaba da baya, idan an ji ƙwas-ƙwas to boris ɗin wuya ya saki. A kama hannun feda a ja shi gefe da gefe, a ɗaga kowace ƙafa a juya ta a ga ko tana rawa a tsakanin robobin birki, a shafa gefen rim da yatsa a ji ko birki ya cinye shi ya yi kwari. A kwance notin sirdi a tabbatar sandar tana motsi, domin sandar alminiyam da ta daɗe a cikin firam na ƙarfe takan manne har ta gagari kowa. A tsaya a bayan keken a dubi na'urar da take sauya giyar baya, ta kasance ta sauko a miƙe, saboda ɗan ƙarfen da take rataye a kai kowane firam da irin nasa, kuma samun madadinsa yana da wuya. Sarƙa kuma ana auna ta da ma'auni: sabuwa, inci 12 yana faɗawa daidai daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar wata ƙusa, idan ta zarce da kusan milimita ɗaya da rabi lokacin canji ya yi, idan ta kai uku to ta riga ta cinye haƙoran baya su ma. Duk abin da aka gano a sa shi cikin ciniki. Masu sayen tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot, waɗanda ba baƙi ba ne a Nijar, su sani cewa wasu daga cikin na kafin shekarun 1980 suna da zaren noti da awon sassa na kansu, wanda kayan yau ba sa shiga.

Kada a zuba duk kuɗin a kan keken. A ware wani kaso don hular kwano, da fitila fara a gaba da ja a baya, da famfo, da tiyub na ajiya, da alanki, da kuma makulli mai kauri na ƙarfe, wanda shi kaɗai yakan haura kilo ɗaya, abin da yake ƙara nuna rashin amfanin biyan maƙudan kuɗi don rage giram ɗari biyar. Tunda wilin waɗannan kekuna yana fita da hannu ba tare da sifana ba, makullin ya ratsa firam da wilin baya tare da abin da aka ɗaure su a jiki. A lokacin hunturu a guji shafa wa sarƙa baƙin mai ko giris, domin suna kama ƙura su zama kamar dutsen wasa, gara a ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa sannan a goge na waje da tsumma.

Bayan an kawo keken gida, a bi hanyar ofis da shi ranar Asabar da safe kafin cunkoso, da alanki a aljihu, a lura da inda ramuka suke da tsawon lokacin da tafiyar take ɗauka. Idan gaban gwiwa ya yi ciwo, galibi sirdi ya yi ƙasa ne, sai a ɗaga shi da milimita biyar a sake gwadawa. Idan kuma ƙugu yana karkata hagu da dama ko bayan gwiwa yana ja, sai a sauke shi da kamar haka, a yi wa sandar alama da tef a daidai inda jiki ya amince.